Karatun Zane a Amurka: Kwalejin Shekara Biyu Tukuna, ko Jami'a Kai Tsaye?

Tsakanin Maris da Afrilu makarantun Amurka ke aiko wa ɗalibai amsa, kuma yawancinsu na son a faɗi matsaya kafin 1 ga Mayu. A gidajen mutanenmu da ke can, musamman a Bronx inda 'yan zangon Ghana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya suka taru, idan yaro ya ce likitanci ko kwamfuta zai karanta, maganar ba ta nisa. Idan ya ce zane, sai falo ya yi tsit. Uba na lissafin awannin da zai ƙara a bakin sitiyari, uwa na tambayar ko ana cin abinci da wannan abu, shi kuwa yaron na riƙe da wasiƙar wata makarantar zane da ta ce ta ba shi tallafin dala 20,000 a shekara, bai kula kuɗin makarantar ya haura 55,000 ba.

A nan ne wani kawu ko maƙwabci zai ce, "To, ya fara da kwalejin al'umma mana." Shawarar na da kyau, sai dai ba a cika faɗin sauran rabinta ba.

Kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta shekara biyu, mai karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare. Ana haɗa kiredit 60 a cikinta, wato ma'aunin darussan da aka ci, rabin 120 ɗin da digirin farko ke buƙata. Wanda ya san yadda ake yin ND a foliteknik sannan a shiga jami'a daga aji biyu ya riga ya fahimci tsarin. Bambancin shi ne a Amurka ana fatan a shiga daga aji uku, a ƙarasa cikin shekara biyu. Ga mai karatun tarihi ko lissafin kuɗi wannan fata kan cika ba wuya. Ga mai karatun zane akwai ramuka a hanya, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, amma kuɗin da zai fita daga aljihu bayan an cire tallafi, wanda sau da yawa ya sha bamban da wanda ke rubuce a shafin makaranta. Tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell yana kaiwa dala 7,395 a shekara ga ɗan gida mai ƙaramin ƙarfi da ya cike takardar neman tallafi ta FAFSA. Ba bashi ba ne, amma zango 12 kawai ake ba mutum duk rayuwarsa, don haka kowane zangon da ya tafi a banza ya tafi da rabonsa. Rancen gwamnati kuwa yana da kuɗin ruwa, abin da gidaje da yawa namu ba sa son kusanta, kuma wannan kaɗai kan sauya lissafin gaba ɗaya.

Na biyu lokaci, wato kiredit nawa za su bi ka idan ka canza makaranta.

Na uku horon kansa: awa nawa hannunka zai yi cikin gawayi da fenti da yumɓu, a gaban wane malami, tare da waɗanne abokan karatu. A nan dole a san bambancin digiri biyu. BA digiri ne na gama-gari wanda zane ke cin wajen kashi 30 zuwa 45 na darussansa. BFA kuwa na ƙwarewa ne. Bisa ƙa'idar NASAD, hukumar da ke tantance makarantun zane, wajen kashi 65 na darussansa aikin zane ne. Wanda ya ruɗa waɗannan biyun zai ruɗa komai da ke gaba.

Na huɗu ƙarko: takardar za ta ci gaba da yi maka aiki bayan shekara goma? Ita makarantar ma za ta kai labari?

Na biyar sauƙin rayuwa, kamar zama a gida, yin aiki a gefe, da samun shiga tun farko. Na shida haɗarin da ke ɓoye a kowace hanya.

Akwai na bakwai da ƙasidun makarantu ba sa ambata, amma ya shafe mu. A yawancin fannonin zanen fenti, zanen littattafai da zane mai motsi, darasin zana jikin ɗan Adam wajibi ne, kuma ana kawo mutum ya tsaya tsirara a tsakiyar aji. Haka yake a kwalejin al'umma, haka yake a makarantar dala 60,000. Fannoni irin su zayyanar rubutu da tambari, zayyanar yadi da ginin tukwane ba su dogara da shi sosai ba. Batun hukuncin zana mai rai na malaminka ne, ba nawa ba. Abin da zan ce shi ne a buɗe jerin darussan wajibi a karanta, a je wurin shugaban sashe a tambaya ko yana yarda da madadi, tun kafin a biya ko sisi.

Hanya ta ɗaya: kwalejin al'umma, sannan jami'ar jiha

Alƙaluman College Board, ƙungiyar da ke tattara farashin makarantu, na shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 sun nuna matsakaicin kuɗin kwalejin al'umma ga ɗan yanki dala 4,050 ne a shekara, na jami'ar jiha ga ɗan jiha kuma 11,610. Shekara biyu nan, biyu can, ya kama wajen 31,300, maimakon 46,400 na wanda ya yi huɗun a jami'a. Rarar dala 15,000 ke nan. A Kalifoniya abin ya fi haka araha: dala 46 kan kowane kiredit, wato 2,760 na shekara biyun gaba ɗaya. Tenesi ta fara biya wa masu gama sakandare tun 2015, Masachusets kuma ta mayar da kwalejojinta kyauta ga 'yan jiha a 2024.

Amma mazaunin birnin Niyok ya sake lissafi. A tsarin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin, kwalejin shekara biyu irin BMCC ko LaGuardia ko Bronx Community College dala 4,800 ce a shekara, manyan kwalejoji irin Hunter da City College da Brooklyn College kuma 6,930. Rarar shekara biyun ba ta wuce 4,260 ba. Zango ɗaya tak da aka ƙara saboda kiredit ɗin da aka ƙi karɓa zai cinye kusan dukkanta. Ga ɗan Niyok mai sakamako mai kyau, arahar kwalejin al'umma ba hujja ce mai ƙarfi ba.

Ta fannin horo, wannan hanya ta fi yadda ake raina ta. Darussan tushe iri ɗaya ne ko'ina: zane na ɗaya da na biyu, tsarin shafi, tsarin abu mai jiki, ilimin launi, zanen jiki, da tarihin zane kashi biyu. Ajujuwan ƙanana ne, kuma malaman da yawa masu zane ne da ke da MFA, digiri na biyu a zane, wasunsu ma su ne ke koyarwa da yamma a makarantu masu tsada na garin. Za ka zauna kan bencin katako da katon allo a gabanka, takarda mai arha a maƙale, malami na zagayawa yana cewa ka daina kallon takardar ka kalli tulun da ke kan tebur. Gefenka akwai ma'aikaciyar asibiti da ta taso daga aikin dare da dattijon da ya yi ritaya. Wasu na ganin wannan naƙasu ne domin ba kowa ke ɗaukar abin da zafi ba. Gaskiya ne, gasar ba ta kai ta makarantar zane ba, kuma situdiyon ba ya zama a buɗe har tsakar dare. Amma shekara biyu na gwaji da kuɗi kaɗan abu ne mai daraja ga wanda bai tabbatar ba tukuna.

Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC, ta zo Amurka tana da shekara 16, kuma a Community College of Philadelphia ta fara ɗaukar darasin fentin mai. Daga nan ta tafi Swarthmore inda ta haɗa ilimin halittu da zane, ta gama MFA a Yale a 2011, ta sami kyautar MacArthur a 2017, shekarar da aka sayar da wani aikinta sama da dala miliyan 3. Kerry James Marshall ya bi ta Los Angeles City College kafin Otis, Betye Saar ta bi ta Pasadena City College kafin UCLA. Ba na kawo su don a ce kowa zai zama su. Na kawo su ne don a daina cewa ƙofar baya ce.

Yanzu ramukan. Cibiyar binciken kwalejojin al'umma ta jami'ar Columbia da ke Niyok ta gano cewa wajen kashi 80 na masu shiga waɗannan kwalejoji na da burin digiri, kashi ɗaya cikin uku ne ke canzawa zuwa jami'a, kuma wajen kashi 16 ne kawai ke riƙe da digirin bayan shekara shida. Aiki ne ke janye mutane, da hidimar gida, da rashin mai ja-gora. Rahoton ofishin binciken gwamnati na GAO na 2017 kuma ya kiyasta cewa masu canza makaranta na asarar kashi 43 na kiredit ɗinsu a matsakaici. Daga kwalejin gwamnati zuwa jami'ar gwamnati asarar ta fi sauƙi, wajen kashi 22, amma ko wannan ya kusa zango guda.

A fannin zane matsalar na da fuska biyu. Ofishin rajista na iya karɓar kiredit ɗinka, sashen zane kuma ya ƙi lissafa shi cikin darussan fanni. Sai ya zama kana da 60 a takarda amma a situdiyo ɗan aji biyu ne kai. Sannan darussan situdiyo a jere suke kamar matakala. Ba a yin fenti na biyu da na uku a zango ɗaya, kuma darasi mai kiredit 3 kan ci wajen awa shida a mako a cikin aji, ban da aikin gida. Ba yadda za a yi a matse su.

Na ga wannan a gida. Ɗan yayata ya yi shekara biyu yana karatun zayyana ta kwamfuta, ya fito da sakamako mai kyau, ya sami shiga wata jami'ar jiha. Ranar da ya je ganin mai ba da shawara a sashen, matar ta nemi tsarin darasin kowane aji da ya yi, da hotunan ayyukan da ya yi a ciki. Tsarin darasin bai taɓa ajiyewa ba. Zanen gawayin kuwa, manyan takardu ne da suka yi ta baƙanta bangon ɗaki, uwarsa ta sa ya zubar lokacin da suka tashi daga gidan haya. Aka mayar da shi zane na ɗaya tare da 'yan sabon shiga. Shekara ɗaya ta ƙaru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuskurensa na farko ma tun wurin zaɓen takarda ne. Kwalejojin nan na ba da difiloma iri huɗu: AA, AS, AFA da AAS. Ukun farko an tsara su ne don a wuce jami'a. AAS ta sana'a ce, an tsara ta don a fita a kama aiki, kuma ita ce ta fi asarar kiredit. Shi AAS ya yi, ba wanda ya faɗa masa.

Maganin duk wannan shi ne a fara daga ƙarshe. Tun ran gini tun ran zane: kafin ka yi rajistar zangon farko, zaɓi jami'o'i biyu ko uku da kake son ƙarewa a cikinsu, ka nemi yarjejeniyar karɓar kiredit da ke tsakaninsu da kwalejinka, ka ɗauki darussan da ke cikinta kaɗai. Kalifoniya ta fi kowa tsari a nan. Dokar 2010 ta kafa difilomar wucewa, akwai ta musamman ta zanen situdiyo, kuma wanda ya gama ta da makin da ake buƙata na da tabbacin gurbi a tsarin jami'o'in jihar da ake kira CSU, ko da yake ba lallai a reshen da ya fi so ba. Shafin ASSIST na nuna wane darasi ke madadin wane. Rassa shida na jami'ar Kalifoniya, wato UC, na da tsarin tabbacin shiga da ake kira TAG, amma UCLA da Berkeley da San Diego ba sa ciki, kuma wasu rassan na cire wasu fannoni. A lura kuma: tabbacin nan yawanci na BA ne. Shiga BFA, misali a Long Beach ko fannin zane mai motsi na San José State, sai an duba kundin ayyukanka daban. A Niyok, tsarin Pathways na CUNY tun 2013 ya tabbatar da wucewar kiredit 30 na darussan gama-gari tsakanin kwalejojinsa.

Ka ajiye tsarin darasin kowane aji. Ka fesa wa zanen gawayi maganin kamewa, ka ɗauki hotonsa da hasken rana a makon da ka gama shi, ka rubuta girmansa da shekara.

Hanya ta biyu: jami'ar jiha kai tsaye

Wannan ba ta buƙatar dogon bayani, shi ne ma kyanta. Ka shiga, ka yi shekarar tushe tare da waɗanda za ku gama tare, malamai su san ka tun farko, kuma duba kundin shiga BFA da ake yi a ƙarshen aji ɗaya ko biyu ya same ka a ciki. Akwai injin ɗab'i, tanderun gasa tukwane, ɗakin walda da na katako. Wasu jami'o'in gwamnati ba sa jin kunyar kowace makaranta mai zaman kanta: VCU a Richmond, Tyler ta jami'ar Temple a Filadelfiya, UCLA, da MassArt ta Boston wadda aka kafa a 1873, kwalejin zane ce zalla amma ta gwamnati.

Ƙarko a nan ya fi ko'ina. Jami'ar jiha ba ta rufewa dare ɗaya, kuma idan a aji biyu ka ga zane ba naka ba ne, ko kana son haɗa shi da koyarwa ko kasuwanci ko kimiyya, sai ka tsallaka wani sashe ba tare da ka bar makaranta ba. Haɗarinta biyu ne. Idan jami'ar na nesa da gida, kuɗin ɗaki da abinci kan kai ko ya fi kuɗin karatun. Idan kuma ta wata jiha ce, matsakaicin kuɗin ya tashi zuwa dala 30,780 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, arahar ta tafi.

Hanya ta uku: makarantar zane mai zaman kanta

RISD a Providence, SAIC a Shikago, Pratt da SVA da Parsons a Niyok, CalArts da ArtCenter a Kalifoniya. Kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 50,000 a shekara a yawancinsu, na RISD ya wuce 60,000, idan aka haɗa da masauki da kayan aiki ana maganar 80,000. Kaɗan ne ke biyan wannan cif, domin ana ba da tallafi, amma giɓin da ke saura yakan fi ƙarfin rancen gwamnati, wanda ga ɗalibin da ke ƙarƙashin iyaye bai wuce 5,500 a shekarar farko da 31,000 gaba ɗaya ba. Ragowar sai iyaye su ci bashi da sunansu.

Me ake saye da wannan kuɗi? Nutsewa. Kowa a ginin abu ɗaya yake yi, sukar aiki na da zafi, situdiyo a buɗe dare da rana, kamfanoni na zuwa kallon nunin 'yan ajin ƙarshe. A fannoni ƙalilan, kamar zane mai motsi a CalArts ko zayyanar motoci a ArtCenter, hanyar da ke tsakanin aji da masana'anta gajera ce ƙwarai, kuma abokan ajinka ne za su kira ka aiki nan gaba. Ba zan ce wannan ba komai ba ne.

Amma ƙarkon waɗannan makarantu ya zama abin dubawa. San Francisco Art Institute, wadda ta samo asali tun 1871, ta rufe a 2022. University of the Arts ta Filadelfiya ta rufe ranar 7 ga Yuni 2024 bayan sanarwar mako guda, ɗalibai suka watse neman mai karɓarsu. Makarantar zane ta PAFA, a garin dai, ta sanar a farkon 2024 cewa za ta daina ba da digiri. Manyan masu dukiyar ajiya irin RISD ba sa cikin wannan hali, ƙanana masu dogaro da kuɗin ɗalibai ne abin tsoro. Makarantun da aka kafa don riba kuwa a guje su: rassan The Art Institutes da suka rage sun rufe a ƙarshen Satumba 2023, a 2024 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 6.1 ga tsofaffin ɗalibansu 317,000, kuma rahoton GAO ɗin nan ya nuna masu barin irin waɗannan makarantu zuwa na gwamnati na asarar kashi 94 na kiredit.

Cooper Union ta Niyok daban take. Kyauta ce har 2014, yanzu duk wanda aka ɗauka ana yafe masa rabin kuɗi aƙalla, amma samun gurbi sai wane da wane.

Hanya ta huɗu: kwalejin al'umma, sannan makarantar zane

Wannan ce ta fi jan hankalin matasa, kuma ita ce ta fi yaudara. Tunanin shi ne a yi biyu da araha, biyu da tsada, a fito da babban suna da rabin kuɗi. A aikace, waɗannan makarantu na karɓar darussan gama-gari ba gardama, amma ajin da za a sa ka kundin ayyukanka ne ke yanke shi, kuma akasari aji biyu ne. RISD kan sa masu canzowa su yi horon tushe na mako shida lokacin bazara. A sashen zanen katun na CalArts kowa daga aji ɗaya yake farawa, ko da digiri ya zo. Don haka biyu da biyu kan koma biyu da uku, shekara biyar.

Inda take da amfani shi ne idan aka yi shekara ɗaya ko zango uku kacal, aka kwashe darussan Turanci da tarihi da kimiyya, aka gina kundi mai ƙarfi na ayyuka 12 zuwa 20, sannan aka nema. Kundi mai ƙarfi na jawo tallafi mai kauri. Akwai tarukan National Portfolio Day da ake yi kyauta a manyan birane, inda wakilan makarantu ke duba aikinka su faɗa maka gaskiya. Wanda ke tunanin wannan hanya ya je tun a zangonsa na farko. Ya kuma tambayi kowace makaranta ko tallafin masu canzowa daidai yake da na 'yan sabon shiga, domin ba ko'ina ba ne.

Hanya ta biyar: difilomar sana'a, a kama aiki

AAS a zayyana, shekara biyu, sai kasuwa. Masu ɗaukar mai zayyana sun fi kallon aikinsa fiye da takardarsa, don haka ana samun shiga. Sai dai rufin ɗakin gajere ne: koyarwa a makarantun gwamnati na buƙatar digiri da lasisin jiha, koyarwa a jami'a na buƙatar MFA, jinya ta hanyar zane da zanen likitanci da gyaran kayan gidan tarihi duk sai da digiri na biyu. FIT, kwalejin zayyana da tufafi ta Niyok, ce ta warware wannan, domin tsarinta tun asali AAS ce ta shekara biyu sannan BFA ta shekara biyu a gida ɗaya, da kuɗin makarantar gwamnati.

| Hanya | Kuɗin karatu kaɗai, kafin tallafi | Shekaru | Horon situdiyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kwaleji, sannan jami'ar jiha | wajen dala 31,000 | 4, yakan kai 5 | tushe mai kyau, zurfi daga baya | asarar kiredit, yankewa a hanya |
| Jami'ar jiha kai tsaye | wajen dala 46,000 | 4 | cikakke, ya danganta da sashe | kuɗin masauki |
| Makarantar zane kai tsaye | sama da dala 200,000 | 4 | mafi zurfi | bashi, rufewar makaranta |
| Kwaleji, sannan makarantar zane | sama da dala 150,000 | 4 zuwa 5 | mai zurfi | mayar da kai aji biyu |
| AAS kaɗai | wajen dala 8,000 | 2 | na sana'a | rufaffun ƙofofi nan gaba |

A kowace hanya a ƙara ɗaruruwan daloli na fenti, buroshi, takarda da manhajar kwamfuta duk zango. A kuma auna bashi da abin da ake samu: alƙaluman ma'aikatar ƙwadagon Amurka na nuna matsakaicin albashin mai zayyana wajen dala 60,000 ne a shekara, na masu zane mai motsi kusan 100,000, na shugaban sashen zayyana sama da haka, amma wannan na waɗanda suka riga suka kafu ne, sabon shiga na farawa ƙasa sosai.

Wace ta dace da wa

Idan kuɗi ne matsalar gidan, ko ba a son rance saboda kuɗin ruwa, kuma kana zaune da iyaye a jihar da ke da tsarin wucewa mai kyau kamar Kalifoniya ko Masachusets, hanya ta ɗaya ce taka. Tallafin Pell kaɗai kan rufe kuɗin kwalejin har ya bar na kayan aiki. Sharaɗin dai shi ne AA ko AS ko AFA, da sunan jami'ar da za ka a rubuce tun ranar farko. Haka ma wanda sakamakonsa na sakandare bai yi kyau ba, ko Turancinsa bai nuna ba, ko ya dawo karatu bayan shekaru yana aiki.

Idan sakamakonka na da kyau kuma akwai jami'ar gwamnati da za ka iya zuwa daga gida a jirgin ƙasa ko bas, shiga kai tsaye. Ga ɗan Niyok wannan na nufin Hunter ko City ko Brooklyn ko Queens, ko FIT ga mai son yadi da tufafi da zayyana. Yarinyar da iyayenta ba za su yarda ta kwana a makaranta ba ta fi samun mafita a nan. Wanda ke son koyar da zane ko haɗa shi da kimiyya ma nan ya dosa.

Makarantar zane mai zaman kanta ta dace da wanda ya san takamaiman fannin da yake so, aka ɗauke shi a inda fannin ya yi suna, kuma bayan an cire tallafi kuɗin ya sauko kusa da na jami'ar jiha. A nemi takardar tallafin a rubuce, a tambaya ko ta shekara huɗu ce ko ta ɗaya, da makin da ake buƙata don ta ɗore. Wanda ya nema bai samu ba, ko ya samu ba tallafi, ya yi shekara ɗaya a kwaleji ya gyara kundinsa ya sake nema.

Mai nema daga gida da bizar ɗalibi lissafinsa daban ne. Ba shi da Pell, ba a ba shi farashin ɗan jiha, dole ya ɗauki kiredit 12 aƙalla duk zango, kuma aikin da aka yarje masa awa 20 ne a mako a cikin makaranta. Duk da haka kwalejin al'umma ta fi masa araha nesa ba kusa ba, kuma izinin aiki na shekara ɗaya da ake bayarwa bayan karatu ana samunsa sau ɗaya bayan difiloma, a sake samu bayan digiri. Sai dai a 2025 Amurka ta tsaurara biza ga ƙasashe da dama, ciki har da Chadi, Sudan, Nijar da Najeriya, don haka ya fara daga shafin ofishin jakadanci kafin ya biya kuɗin neman kowace makaranta.